Turmin Inna

Zinatu tana tsaye kan kujera tana gyara faifan da ya karkace a bango, sai ta ji sallama a bakin ƙofa. Ta sauko, ta ja mayafi, ta ce a shigo.

Malam Sanda ne, ma'aikacin asibitin da ake duba yaran da gubar dalma ta shiga jininsu. Kwana goma ke nan 'yarta Sahura ba ta cin abinci, sai kuka da amai. Da aka ɗebi jininta aka auna, sai ga dalma, kuma ba kaɗan ba. Likita ya ce za a soma ba ta magani, amma in ba a gano inda take kwasar gubar ba, aikin banza za a yi. Shi ya sa aka turo Malam Sanda da na'urarsa.

Ita dai Zinatu har cikin ranta ba ta yarda ba. Dalma a ɗakinta? A cikin garin Anka, daɓen siminti, shara sau uku a yini? Ai saboda dalmar suka baro Yargalma. Shekara huɗu da suka wuce, lokacin da maza suka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa, ta binne ɗanta na fari. Tun daga ranar ta hana mijinta Nuraddeen sakat, har sai da ya samu gurbin ɗinki a kasuwar Anka, suka kama ciki da falo. Karo na farko ke nan da ta samu ɗakin da ba surukuwa, ba faccala, ba mai ce mata wannan ƙusa ba nan ake buga ta ba.

Ta kuwa zage a kansa. Duk wanda ya shigo gidan, ko rancen ashana ya zo, sai an zagaya da shi. Labulen ƙofa da ƙyallayen da suka zube ƙarƙashin keken Nuraddeen ta haɗa shi, wata biyu tana harhaɗawa. Fayafayan bango guda bakwai daga kasuwar Gummi, ɗaya bayan ɗaya ta tara su. Madubinta na wata tsohuwar bas ne da ta tsinta a bayan tasha, ta zagaye shi da sakar kaba. Gwangwanayen madara ta shafa musu shuɗin fenti ta dasa na'a-na'a a ciki. Maƙwabta suna yi mata tsiya, wai in ka yar da abu a unguwar, jibi ka je ɗakin Zinatu ka gaishe shi. Ita ko a jikinta, daɗi ma take ji.

Malam Sanda ya cire takalmi ya fito da na'urar, wata aba mai mariƙi kamar bindigar wasan yara. Ya ɗora ta kan daɓe, ya duba lamba. Ya ɗora kan bango. Ya gwada fentin gwangwanaye, ya gwada tabarma, ya tambayi ko ana sa wa yarinya kwalli, ta ce a'a. Duk inda ya taɓa sai ya ce, “Nan lafiya.” Zinatu tana biye da shi, kowace “lafiya” tana ƙara mata tsayi.

“Wannan fa, tebur ne?”

“Turmi na, Malam,” ta ce tana murmushi, don a nan alfaharinta ya fi yawa. Ta yaye ƙyallen da ta yi wa surfani, ta ɗauke farantin da ta rufe bakin da shi. Tsohon turmi ne baƙi wuluk, ya yi santsi don tsufa. “Na Innata. Da shi Sahura ta koyi tsayuwa. Kun ga nan, haƙoranta na, sadda suna tsirowa.”

Malam Sanda bai yi murmushi ba. Ya ɗora na'urar a bakin turmin, daidai inda ƙananan haƙora suka bar shaida. Ya duba, ya sake ɗorawa. Ya zura ta ciki. Sannan ya miƙe ya fito da safar hannu daga aljihu.

“Daga ina ya zo?”

“Yargalma. Amma ba a taɓa daka dutse ciki ba. Inna ta rantse mani.”

“Malama, an daka. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Garin dutsen ya shige cikin itacen.”

Ya naɗe turmin cikin baƙar leda, ya ce kada ta share wurin da tsintsiya, za a zo a goge. Ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya miƙa mata, ya ce in ta tuna wani abu da ya fito daga can, ta kira shi. Da ya fita, abin da ya rage a tsakiyar falon zagayen shaida ne a kan siminti.

Nuraddeen yana asibiti tare da yarinyar. Zinatu ba ta kira shi ba. Ta kulle ɗaki ta nufi tasha, ta shiga motar Bukkuyum, daga inda ta sauka ta hau mashin. Duk hanya magana ɗaya take juyawa. Ranar da ta je ɗaukar turmin, sau biyu ta tambaya. Inna ta dafa ƙirji ta ce wanga turmi bai taɓa ganin dutse ba, can cikin rumbu ya yi zamansa. Da wani ne ya faɗa, da ta sa an gwada. Amma wa ke kai maganar uwarsa gwaji?

Ana kiran la'asar ta isa. Inna tana zaune gindin rumbu tana tsince wake. A can gefe Amariya, matar Makau yayan Zinatu, tana dakan fura, 'yan matanta biyu suna jiran a ba su gaya.

“A'a, Zinatu! Ke ɗai? Ina kishiyar tawa?”

Zinatu ta durƙusa ta gaishe ta, don ko me ya faru ba ta iya tsallake wannan. Sannan ta ce, “Tana asibiti, Inna. Dalma. Yau anka gwada ɗakina, komi lahiya, sai turminki.”

Hannun Inna ya tsaya cikin wake.

“Inna, an daka dutse cikinai ko ba a daka ba?”

Amariya ta sassauta daka.

“Makau ya ɗan yi aiki da shi,” Inna ta ce a hankali. “Wata ukku, ko huɗu. Amma na wanke shi. Sau bakwai nib bi shi da ruwan zahi da toka, guda da ƙasa, yadda aka wanke abin da kare yal lasa. Abin da anka wanke sau bakwai, mi yar rage cikinai?”

“Sadda masu kwashe ƙasa mai dalma sunka zo suna amsar turame, ina yake?”

“Na ɓoye shi ƙarƙashin dawa.” Inna ta ɗago, muryarta ta ɗan yi ƙarfi. “Turmin uwata na! Da shi anka kai ta ɗaki, da shi anka kai ni. In miƙa musu su jehwa shi rame su binne awa mushe?”

“Na tambaye ki. Sau biyu.”

“Da na hwaɗa maki, da ba ki ɗauka ba. Ni ko so nikai shi zauna ɗakinki. Ke ad da ɗaki mai kyau duk cikin ɗiyana.”

Wannan maganar ta fi komai ƙona Zinatu. Watau don ɗakin ya yi kyau aka zaɓe ta. Ta tuna yadda ta shafe turmin da man gyaɗa har ya yi ƙyalli, yadda ta yi tafi ranar da Sahura ta kama bakinsa ta miƙe. Sai kuma wani tunani ya zo mata. Shekarar da aka yi ta mutuwa, a tsakar gidan nan take barin ɗanta in za ta rafi.

“Shi wancan da munka binne,” ta ce, don ko yanzu ba ta kama sunan ɗan fari, “nan yake wasa.”

“Kwananai sun ƙare, Zinatu. Kada ki ɗora mani abin da Allah yay yi.”

Zinatu ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, haushin ya fi ƙarfin kuka. Tana juyawa idonta ya sauka kan Amariya. Turminta sabo ne, fari. Amma taɓaryar da ke hawa da sauka a cikinsa baƙa ce, da ɗaurin waya a wuyanta inda ta taɓa tsagewa. Zinatu ta san wannan ɗauri tun tana yarinya.

“Amariya, aje taɓaryar nan. Kada ki ba su hurar.”

Amariya ta dubi surukarta, ta dubi Zinatu, ta tsaya da taɓarya a hannu ba ta san wa za ta bi ba.

“Ita ma na wanke ta,” in ji Inna.

Har zaure Inna ta biyo ta, ta riƙe mata gefen mayafi, ta rage murya. “Kada ki jawo muna mutanen asibiti gida. Gari duk za a ji ni ab ɓoye, da wane ido za ni duban mutane? Ki bari, ni da kaina za ni aje ta.” Ta ƙara matsowa. “Turmin fa? In sun gama aunawa, suna maido shi?”

Zinatu ta dube ta. Ta jira ko za ta tambayi jikin Sahura. Sannan ta zare mayafinta a hankali ta fita.

A bayan gari akwai wani tudu inda waya ke kamawa. Ta hau, ta warware takardar da ta jiƙe da gumi a tafin hannunta, ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya.

“Malam Sanda? Uwar Sahura ta. Akwai taɓarya. Ana daka abinci da ita, kuma da yara a gidan.”

“To, gobe da safe za mu shigo. Wa za mu nema?”

Tun da aka haife ta ba ta taɓa furta sunan uwarta ba. Ko a asibiti aka tambaya, sai dai wani ya faɗa a madadinta. Daga kan tudun tana hango rumbun gidansu da hayaƙin murhu.

“Rabi,” ta ce. “Ku ce Rabi, uwar Makau.”