Baƙon Ɗaki na Uku

A shekarar da aka gama yaƙin basasa, Mijinyawa, wani tsohon direban babbar mota, ya gyara ɗakuna huɗu a tsakiyar garin Karaye, daura da kasuwa, ya kafa allo ya ce otal ne. Mutanen gari suka yi ta dariya. Wa zai zo Karaye ya rasa gidan sauka? Daga malamin gona sai masu awon gyaɗa ke kwana a ciki, su ma don ba su da kowa a nan.

Shi ya sa ranar da Ɗayyabu ya sauko daga motar Kano da akwatin ƙarfe ya nemi ɗaki, Mijinyawa ya dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da zuwa, Malam. Daga ina?"

"Daga Jos."

"Amma fa bakinka na ƙasar nan ne."

Ɗayyabu ya yi kamar bai ji ba. Aka ba shi ɗaki na uku, mai gadon ƙarfe da buta da tabarmar salla, da wata 'yar taga mai kallon kasuwa.

Gaskiyar magana, Ɗayyabu mutumin Kafin Dafga ne, wani ƙauye kusa da Karaye. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya yi faɗa da mahaifinsa a kan gona, ya tafi haƙar kuza. Uban ya rasu bai zo ta'aziyya ba. Da fari fushi ya hana shi, daga baya kunya. Ƙanensa Sulle kan aiko masa da wasiƙa jefi-jefi, cike da gaisuwar kawunnai da gwaggonni, har da ta maƙwabta. Ko sau ɗaya bai ga gaisuwar mahaifiyarsa Laure ba.

Ɗayyabu ɗan fari ne, kuma ya san al'ada sarai. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun yana yaro "wancan" take ce masa. Duk ya san wannan, amma sanin bai taɓa kwantar masa da hankali ba. Ya sha tsayawa a ramin kuza da cebur a hannu yana tambayar kansa: shirun nan kunya ce, ko kuwa ta fitar da shi daga ranta ne? Kewarta ta ci shi har ta kawo shi Karaye, tsoron amsar kuma ya tsayar da shi a nan. Wai dabararsa ita ce ya fara zama a otal ya ji yadda gari yake. Dabarar banza, mutum da tsufansa!

Kwana biyu yana ɗaki. Ya ci shinkafar Mijinyawa wadda ba ta taɓa gamuwa da gishiri ba, ya yi salla, ya koma taga. Duk wanda ya wuce yana magana, sai ya ji kamar muryar wani ɗan gidansu ce. Ƙanshin daddawa kaɗai da ke shigowa ta tagar ya isa ya sa shi ajiyar zuciya.

Ranar kasuwa, da hantsi, ya hango mahaifiyar tasa. Tana gindin tsamiya cikin tsofaffi masu daddawa da kuka, ta rame, ta ranƙwafa, ta zama 'yar mitsitsiya. Sau uku yana sa hula yana cirewa. Kowane ɗan ƙauye sai ya ɗaga kai ya kalli allon otal ɗin, amma ita har azahar ba ta dubi wajen ba ko da wasa. Ya zauna bakin gado ya fara tunanin motar da za ta koma Kano da safe.

Bayan la'asar ya ji sallama a zauren otal. Muryar ta tsufa, amma ko cikin mutum dubu zai gane ta.

"Malam, ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali?"

"Lafiya lau, Inna. Yaya kasuwa?"

"Da godiya. An ce kana da baƙo a ɗaki na uku."

"Ƙwarai kuwa, mutumin Jos ne. A kira miki shi?"

"A'a, ni me zan ce masa? Ungo wannan dai ka miƙa masa. Dambun rama ne da ƙuli-ƙuli, tun asuba na yi shi a gida. Da can yana so, ban sani ba ko yanzu bakinsa ya sauya."

Ɗayyabu ya miƙe ya tsaya bayan ƙofa.

"Kuma ka faɗa wa wancan ya ba mu kunya," in ji ta. "Tun shekaranjiya aka gan shi a tasha, labari ya kai mana. Mutum da gidan ubansa, ya zo ya kwanta a ɗakin haya kamar marar dangi? Ɗakinsa na nan. Shekara goma sha ɗaya, duk kaka sai na sa Sulle ya yi masa yaɓe ya sake jinka. Ƙannensa biyu sun nemi ɗakin da za su yi aure, na hana."

Mijinyawa ya waiga wajen ƙofar ɗaki na uku.

Ɗayyabu ya fito, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina wuni?"

Laure ta ja mayafi ta kau da kai wajen bango. Sannan ta dubi Mijinyawa.

"Malam, ce masa ya ɗauko mini kwandon nan. Ya yi mini nauyi."

Ta fice. Ɗayyabu ya ɗauki kwandon, ya ji shi sakayau, ashe ta sayar da daddawarta kakaf. Ya bar akwatinsa a wurin Mijinyawa, ya ɗora kwandon a ka, ya bi ta a baya, hawaye na zuba, 'yan kasuwa na kallo. Har suka fita gari ba ta waiwayo ba. Sai dai duk lokacin da ta daina jin takunsa, takan tsaya ta gyara takalmi.