Miyar Riɗin Ɗanmusa

Ranar da Rekiya za ta tafi Akwanga, sai da ta cika babbar tukunya da miya, ta nuna wa mijinta Ɗanmusa yadda zai riƙa ɗumama ta safe da yamma don kada ta lalace. Malamar firamare ce a nan Lafia, kuma hedimasta ya gaya musu baki da baki cewa duk wanda bai ƙaro takarda ba, aji zai fita daga hannunsa. Shi ya sa ta shiga kwas ɗin da ake yi a dogon hutu, sati shida cur, ta bar masa 'ya'ya mata biyu: Ni'ima mai shekara takwas, da Nasiha mai huɗu.

Goggo, ƙanwar mahaifinsa wadda ta rene shi a Assakio, ba ta so tafiyar nan ba. Gona ta riƙe ta, ga ciwon gwiwa, balle ta ce a kawo mata yaran. Sai ta kafa sharaɗi.

"Ba wannan Asabar ba, ta sama, zan zo," in ji ta. "In na tarar yaran nan sun faɗa, Baballe zai hau mota ya ɗauko mini uwarsu. Takarda ta jira."

Baballe ɗanta ne, kuma in ta aike shi ba ya tambayar dalili. Ɗanmusa ya san Rekiya ma ba za ta iya musa wa Goggo ba. Za ta naɗe kayanta ta biyo shi, shekarar karatu ta tafi a banza.

A rana ta huɗu tukunyar miya ta ƙare, a ranar kuma marka ta sauka. Yayyafi tun asuba har la'asar, siminti ya yi sanyi kamar randa, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Mura ta kama Nasiha. Ya sayo mata shinkafa a wurin mai abincin bakin tasha, ta kau da kai. Ya haɗa mata shayi da burodi, ta kurɓa sau biyu ta ture. Kwana uku ana haka, har wuyan rigarta ya fara zamewa daga kafaɗa.

"To me kike so, uwata?" ya tambaye ta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Miyar Mama."

"Wacce daga ciki?"

Ni'ima ce ta amsa. "Ta riɗi, Baba. Wadda take yi in ana sanyi."

Ɗanmusa ya yi dariya har hankalinsa ya ɗan kwanta. Riɗi dai? Shekararsa goma sha ɗaya yana aiki a siton riɗi na bayan kasuwa. In ya cusa hannu cikin buhu, zai gaya maka na bana ne ko na bara, na wajen Doma ne ko na Agyaragu. Washegari, Alhamis, ya zaɓi mafi fari a siton, ya auno mudu guda, ya wuce kai tsaye wurin mai inji aka niƙe masa.

Da yamma ya kunna risho. Manja, albasa, attarugu, daddawa, busasshen kifi, duk ya zuba yadda ya saba ganin Rekiya na yi ta gefen ido, sannan ya antaya garin riɗin. Ƙamshi ya cika tsakar gidan haya. Ya dafa doya, ya zuba wa yaran, ya tsaya a kansu yana jiran yabo.

Ni'ima ta kai loma ɗaya, haƙoranta suka ce ƙaras. Ta dubi ubanta, ta haɗiye da ƙyar don kunya. Nasiha kuwa tofarwa ta yi ta fashe da kuka. Da ya ɗanɗana da kansa, sai ya ji ɗaci ya kama masa harshe, ga tsakuwa kamar an debo daga bakin rafi.

Kukan ne ya fito da Ursula daga ɗakin da ke jikin nasu. Matar Tyav direba ce, 'yar Tibi daga wajen Makurdi, kuma ita da Rekiya murhunsu ɗaya a rumfar girki. Ta dangwali miyar ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Baban Ni'ima, wane ne ya wanke maka wannan riɗi?"

"Wanke? Ai fari ne tas. Ni na zaɓe shi da hannuna."

Ursula ta dafa bango tana dariya har ɗankwalinta ya karkace. "Oga riɗi. Kai ne kullum kana faɗa mana manoma suna shanya shi a ƙasa, yashi yana shiga buhu. Ka ɗauka yashin yana fita da ƙafansa?"

Gaskiya ne, shi ne ma yake rage wa buhu daraja saboda yashi. Bai taɓa tambayar kansa inda yashin yake zuwa ba bayan buhu ya bar sito.

"Kuma wannan ɗaci, ɓawo ne," ta ci gaba. "Sai ka jiƙa shi, ka surfa a turmi, ka wanke, ka rairaye. Matanka yana yin haka tun kana barci."

"Maman Hilary," ya ce wa Ursula, "ki taimaka ki yi mini. Goggo na zuwa jibi."

"In na yi maka yau, sati mai zuwa fa? Ina tafiya gida bikin ƙanina, sai ƙarshen wata. Ka kawo wani riɗi gobe, ni zan zauna a kujera, kai za ka riƙe taɓarya."

Haka aka yi. Ranar Juma'a, da ya sauko daga masallaci, ya tuɓe babbar riga ya saura daga shi sai singileti, ya naɗe ƙafar wando. Ya jiƙa riɗin, ya tsane, ya zuba a turmi. Bugun farko ya sauke taɓarya kamar mai fasa dutse, riɗi ya yi tsalle ya watsu a ƙasa.

"Ba sakwara ba ne," in ji Ursula daga kujerarta, tana ɓarar agushi. "Sannu sannu. Riga kawai za ka cire masa."

Ya sassauta hannu. Can sai ya ga ɓawon yana saɓulewa, riɗin na ƙara haske. Ya juye a baho ya zuba ruwa, dusa ta taso sama, ya tsiyaye. Ursula ta nuna masa yadda ake karkata ƙwarya ana girgizawa a hankali, riɗi na gangarawa, yashi na kwantawa a gindi. Da ya ga abin da ya rage a ƙwaryar, cikin cokali biyu na baƙin yashi, sai ya tuna lomar da Ni'ima ta haɗiye jiya, ya ji kunya ta rufe shi. Babu rana balle a shanya, don haka ya zuba a kasko bisa ƙaramar wuta, yana juyawa har ya bushe, ya fara ƙamshi yana tsalle ɗaiɗai. Ya mayar da shi turmi don dakan ƙarshe.

Yana tsakiyar dakan aka yi sallama. Goggo ce, da ledar shinkafa a ka saboda yayyafi, da ƙullin kaya a hannu. Ta sami motar doya mai shigowa gari, ta ce ba ta ga dalilin jiran gobe ba.

Ta tsaya a bakin zaure tana kallonsa, daga singileti har taɓarya.

"Sannu da zuwa, Goggo. Ya hanya?"

Ba ta amsa gaisuwar ba. "Ɗanmusa, ni na rene ka, ko wata ce? Magidanci da 'ya'ya biyu, a tsakar gidan haya, kana daka ƙofa a buɗe?"

Ursula ta gaishe ta, ta kwashi agushinta ta shige ɗaki. Goggo ta wuce ciki, ta ɗago Nasiha daga tabarma, ta taɓa wuyanta, ta zagaye damtsenta da yatsu biyu.

"Dubi yarinya ta koma kamar sillen kara. Gobe da sassafe zan aika wa Baballe."

"Goggo, ki ba ni zuwa magariba. In ba ta ci ba, ni da kaina zan je Akwanga, ba sai an wahalar da Baballe ba."

Ta zauna a bakin gado, ta miƙe ƙafar mai ciwo. "Ni dai ba da cikina ba."

Ya koma rumfa. Wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya soya albasa a manja, ya zuba jajjage da daddawa, ya gyara kifin ya cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya saboda Nasiha. Da ruwan ya tafasa ya dama riɗin ya zuba, ya rage wuta.

"Kar ka juya yanzu," muryar Ursula ta fito ta taga, ƙasa ƙasa. "Bari ya kama jikinsa."

Ya bari. Miyar ta yi kauri, mai ya taso a gefe. Ya watsa ɗan alayyafo ya sauke. Sannan ya tuƙa tuwon masara, wanda babu wanda ya koya masa, ya kai ɗaki.

Nasiha ta dubi kwanon da zargi. Ni'ima ce ta fara ci, ta tauna a hankali tana sauraron haƙoranta, sannan ta gyaɗa wa ƙanwarta kai. Nasiha ta tsoma yatsa ta lasa. Ta sake tsomawa. Ta gutsiri tuwo ta dangwala, ta ci, ta ƙara, gumi ya fara tsattsafo mata a goshi, hancinta ya buɗe. Ɗanmusa yana tsaye a bakin ƙofa, ya ƙi ko motsi don kada ta lura ana kallonta.

"Baba, ƙara miya. Banda tuwo."

Goggo ta miƙa hannu ta jawo kwanon. "Mu ga abin da kuke ba yarinya." Ta ɗanɗani miyar. Ta gutsiri tuwon ta murza a yatsu, gudaji ya fashe, ɗanyen gari ya zubo.

"Wannan tuwo ne ko tubali? Wa ya ce maka ana zuba gari kai tsaye a tafasasshen ruwa? Ba ka san talge ba?"

"Ban sani ba, Goggo."

"Ai na gani." Ta sake dangwalar miyar, wannan karon da loma babba. "Gishiri ya ɗan yi kaɗan. Wa ya surfa riɗin?"

"Ni."

"Wa ya rairaye?"

"Ni ne."

Ta tauna tana neman yashi, ba ta samu ba. Ta dubi Nasiha da ke suɗe gefen kwano, ta ja dogon numfashi.

"Zan kwana biyu. Gobe da safe ka ɗora ruwa, in nuna maka yadda ake tuwo, kafin ka kashe mini jikoki da gudaji. Akwai kuka da kuɓewa busasshiya a ƙullin nan, su ma sai ka koya, ba kullum riɗi ba."

"To Baballe fa?"

"Baballe na da aiki a gona." Ta nuna tsakar gida da haɓa. "Turmin can kuma ka mirgina shi bayan rumfa. In za ka yi daka, ka yi inda mai wucewa ba zai gan ka ba. Motocin Assakio ta bakin layin nan suke bi."