Manyan Tayoyin Maigidana

Maigidana ya sa wa jif ɗinsa tayoyi kamar na tarakta, sai motar ta koma tafiyar hawainiya. Ko tudun layinmu sai da nishi take hawa.

Makanike ya ce, "Sai an canza haƙoran aksul, gaba da baya, su dace da tayoyin."

"Na baya ya isa," in ji gwanin namu. "Ai baya ke turawa."

Ya kwashe mu sai daji, ya sa tayoyi huɗun su ja tare. Gaba na gudu, baya na jan ƙafa, ƙarfe ya ce ƙaras! Da ƙafa muka dawo.

Yanzu tana tsakar gida, doguwa, gwanin sha'awa. Wa ya ce tayoyin ba su yi rana ba? Kajina ba su taɓa samun inuwa irin wannan ba.