Su Biyun Duk Sun Kai

…kuma ni ce na ce kada ya kalle ni. Tun a kwalejin horon malamai nake faɗa wa ɗalibaina, ranar da na zo duba koyarwarku ku ɗauka ba na nan. To ga Wemin yana kallona. Ɗalibina, mafi natsuwa cikin waɗanda za mu yaye bana, alli har a gira — yana kallona ta saman kafaɗar mutumin nan.

Baba Gende, haka ya ce sunansa. Daga kan dutse ya gangaro, taɓo har gwiwa. 'Ya'yansa biyu ne a wannan aji na takwas, Dilu da ƙanwarsa Ambane. An tashi yara, shi bai tafi ba.

"Malam, cikin su biyun wa ya fi?"

Wa ya fi… Babu wa ya fi. Shekarar nan kaf abin da nake koya musu ke nan. An daina na ɗaya, an daina na ƙarshe. Ma'auni ne yanzu, abin da ake so yaro ya iya: bai kai ba, ya kusa, ya kai, ya zarce. Da ma'auni ake gwada yaro, ba da ɗan'uwansa ba. Na faɗa har muryata ta dishe. Na yarda da shi kuwa? Na yarda mana. Ai ina tsaye a filin makarantarmu ranar da hedimasta ya karanto sunaye daga sama har ƙasa, yayana Apa ne na ƙarshe, yara suka raka shi da waƙa har bakin rafi — bai sake taka makaranta ba. Don Apa na yarda. Ko don an tara mu malamai a birnin Goroka an ce daga yau haka za a yi? Mai bayanin ma da aka tambaye shi ina iyakar "ya kai" da "ya zarce", cewa ya yi a tafi shan shayi…

Dilu ya kai. Ambane ta kai. Kalma ɗaya, su biyu. Amma na ga aikinsu ɗazu. Dilu da ƙyar ya haye. Ita kuwa kaɗan ya rage ta zarce, Turanci ne ya riƙe mata ƙafa. Wemin ya sani, ni ma na sani.

Mutumin yana bayani a hankali, hula a hannu. Matarsa ba ta iya hawa gona yanzu, ciwon ƙirji. Ga kofi ya nuna, ga aladu, ga dankali. Ɗaya zai wuce sakandare a garin Kundiawa, ɗaya zai zauna gida. Ba faɗa ya kawo shi ba. So yake a taimake shi kada ya zalunci wani.

A faɗa masa mana. A'a — in Wemin ya jera yara, me zan rubuta masa? Ni ma ma'auni aka ba ni in auna shi: ya bayyana sakamako ba tare da kwatanta ɗalibai ba. In ya karya, bai kai ba. In bai kai ba, sai baɗi, ga danginsa har sun ware aladen biki. To in na kau da kai fa? Wa zai sani? Sannan ranar Litinin in tsaya gaban sauran in ce musu me?

Babana bai iya karatu ba, amma ya san lamba ɗaya, tsaye kamar turke. Ni kaɗai ce mace a gidan, na zo na ɗaya, ya ɗora yatsa a kan lambar ya ce wannan ce za ta ci gaba. Kawunnaina suka yi ta surutu, mace? Ya ce makaranta ce ta faɗa. Ranar da aka yi wa Apa waƙa… ai ranar ce. Fili ɗaya, karatun sunaye ɗaya. Yaya ban taɓa haɗa su ba?

Wemin ya daina kallona. Ya gyara tsayuwa.

"Baba, yanzu ba a cewa wane ya fi wane. Dukansu sun kai inda ake so. Ka yi alfahari da su."

Maganata ce, ko wasali bai sauya ba. Har inda nake ɗan dakatawa ya dakata.

Baba Gende yana jinjina kai, ya daɗe. "To tunda duk ɗaya ne, namijin ya tafi. Ita ta fi iya kula da uwarta." Har da godiya. Ya miƙa wa Wemin hannu, ya miƙo mini, tafinsa kamar ɓawon itace.

Ba duk ɗaya ba ne. Ba haka muka ce ba. Ko haka muka ce? Tsarin bai hana a zaunar da uba a ce ga abin da Ambane ta iya, ga abin da Dilu ya iya, dalla-dalla, shi ya gani da kansa… akwai wannan a ciki, na tabbata akwai. Na koya musu? Ko makon da ƙasa ta zaftare ta tare hanya ne muka tsallake?

Ga shi can ya kai bakin shinge, yana sa hularsa. In na ɗaga murya yanzu zai ji. In kira shi in ce me, a gaban yaron da ya yi abin da na sa shi? Wemin ya matso, yana goge hannu a wando, murmushi na neman ƙwace masa.

"Malama, na yi daidai ko?"

Ya yi daidai. Babu inda ya kuskure. To me ya hana bakina buɗewa…