Gashin Tunkiya a Kunnen Cuthbert

Tun da Sarauniya ta kafa dokar kowa ya je cocinta ran Lahadi ko ya sha tara, Cuthbert Threlfall, ɗan Katolika, ya samo dabarar da yake ganin ko Paparoma sai ya sara masa. Zai je, har layin gaba yake zama, amma kafin ya taka ƙofa sai ya murza gashin tunkiya ya cusa a kunnuwansa biyu. A cewarsa jiki na Sarauniya ne, kunne na Allah. Fasto ya yi ta zuba har da kumfar baki, Cuthbert yana gyaɗa kai yana jan carbinsa a aljihu. Matarsa Margery kuwa ko hanyar ba ta bi, ta ce ƙugunta na ciwo, ciwon da ba ya tashi sai ran Lahadi.

Rabin ƙauyen nan na Lancashire haka suke, tsofaffin 'yan Katolika, kowa da nasa toshin, kuma daga garken Cuthbert ake samu. 'Yarsa tilo Jennet, wadda yake ji da ita kamar ransa, ita ma kullum yana damƙa mata nata. Bai taɓa ɗaga gashin kanta ya duba ko tana sawa ba.

Wata Litinin a kasuwa Osbert mahauci, wanda ya daɗe da bin sabon addinin Sarauniya, ya sha gabansa.

"Kai Cuthbert, raguna nawa za ka kayar mana? Ban da rowar nan taka."

"Na me kuma?"

"Ji mutum! Na bikin 'yarka mana."

"Wace 'yar?"

"Kana da wata a ɓoye ne? Lahadi uku fasto yana shelar auren Jennet da ɗansa Barnabas, yana cewa duk mai ja ya miƙe ya faɗa. Kowa ya juyo yana kallonka, kai kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangare. Jiya har Amin ka ce, da ƙarfi."

Cuthbert ya tuna kallon nan sarai. Ya ɗauka sabuwar rigarsa ce ta burge mutane.

Ya isa gida yana huci, ya tarar da Jennet tana kwaɓa ƙullun burodi.

"Ɗan fasto! Ke ko kunya ba ki ji? Limamanmu na Katolika ko aure ba sa yi. Limamin coci da ɗa, wannan ma ai abin fallasa ne, balle a aure shi!"

"Baba, sau uku aka tambaye ka."

"Ban ji ba!"

"To je ka gaya wa alƙali abin da ya hana ka ji."

Cuthbert ya auna lamarin. In ya ce bai ji ba za a tambayi dalili, in ya faɗi dalili garkensa da gonarsa sun tafi, shi kuma ya ƙare a kurkukun birnin Lancaster. Margery da ke kishingiɗe gefen murhu ta ce, "Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Da ka yi ciwon ƙugu irin nawa, da ba wanda zai ce ka ce Amin."

Jennet ta goge hannu a zanen aikinta. Muryarta ta yi sanyi.

"Baba, na san da na tambaye ka a gida ba za ka yarda ba. Barnabas mutumin kirki ne. Abu ɗaya nake roƙo: ranar, idan na yi alkawari a gaban jama'a, ka ji ni da kunnenka."

"A cikin wannan ɗakin bidi'a? Jikina zai je, kamar kullum. Iyakarta ke nan."

Ranar ɗaurin aure, don haushi, ya ninka gashin, ya danna shi da ɗan yatsa har ƙurya. Ya zauna ya haɗe rai. Duniya ta yi tsit. Ya ga Jennet ta tsaya gaban fasto, ya ga hannunta a cikin na Barnabas, wani dogon yaro mai kunnuwa kamar na zomo. Sai ta waiwayo ta dube shi sau ɗaya, ta juya, leɓɓanta suka fara motsi.

Tausayi ya kama shi, irin wanda bai shirya masa ba. Shekara da shekaru bai bar kalma ɗaya ta cocin nan ta shiga kansa ba, amma wannan 'yarsa ce, kuma ba za ta sake faɗin wannan magana ba. Ya nemi gafarar Budurwa Maryamu a zuci, ya kai hannu kunne. Gashin ya ƙi fita. Ya ƙwaƙula da farce, ya karkata kai yana bubbugawa, matar da ke gefensa ta matsa. Kafin ya zaro na dama, zobe ya riga ya shiga yatsa.

Abin da ya fara shiga kunnen shi ne muryar fasto, yana buɗe wa'azi a kan Paparoma da makomarsa a wuta. Ga idon jama'a, ba halin mayar da toshi. Cuthbert ya zauna ya sha wa'azin nan tas, daga farko har ƙarshe.

A waje, ana ta watsa wa amarya ƙwayar alkama, Jennet ta ratso mutane ta riƙe hannunsa. Idonta ya cika da hawaye.

"Baba, na ga ka cire. Ka ji ni?"

"Na ji ki."

"Muryata ba ta yi rawa ba?"

Ya dube ta.

"Ko kaɗan, 'yata," in ji shi.