Taken Dado

Yayana Manzo ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kaɗa gurmi a kasuwannin Damargu, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ni ƙanwarsa ce, ina da bakin faɗa. Ba ya waƙa, kiɗa ne zalla. In mutum ya kwanta masa a rai, makiyayi ne ko mai sayar da kanwa, sai ya tsara masa take nasa shi kaɗai, duk inda aka kaɗa an san da wa ake.

Da hannunsa ya fara rawa, hankalin ɗiyarsa Radiya ya tashi. Tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Tanout. Ta zo mana Gangara da ɗan piyanonta mai batir, ta ce za ta kwashe kiɗan ubanta kaf: shi ya kaɗa, ita ta bi shi a piyano har ya zauna mata, ta naɗa a waya, ta sa wa kowane lamba da sunan mai shi. Wai haka aka yi wa manyan makaɗan Turai, shi ya sa kiɗansu bai bi su kabari ba. Manzo ya yi dariya, ya ce shi dai awaki ya san ana ƙirgawa. Amma ya yarda, don ita kaɗai ke iya lanƙwasa shi.

Aiki ya tafi lafiya har suka zo kan taken waɗanda suka rasu. Nan ya jingine gurmi. Abin da ya koya wurin maigidansa a kiɗa shi ne, take na mai shi ne. In ya mutu ba a ƙara kaɗawa, sai magajinsa ya zo da ƙafarsa ya karɓa, kuma da ya karɓa ya zama nasa, sunan mamacin ya fita ke nan. Na yi masa faɗa har muryata ta dishe. Na ce rabin mutanen nan suna ƙasa, so kake kiɗan ya bi ka? Ko gezau.

Radiya ba ta ja da shi ba, halin uwarta ta ɗauko. Duk hutun da ta samu sai ta bi kasuwanni, yau Tenhya gobe Belbeji, tana cigiyar 'ya'ya da jikoki. Wasu sun yi arewa da dabbobi, sai da ta jira su har kaka. Wasu suka ce ba ruwansu da kiɗa, taken iyayensu ya tafi ke nan. Waɗanda suka zo kuwa, ka ga ƙato da rawani a kan tabarma yana share ido da bakin riga. Hannun Manzo dai sai ƙara lalacewa yake.

A ƙarshe saura ɗaya, taken Dado, matarsa, wadda ta rasu tun Radiya tana goye. Radiya ba ta taɓa jinsa ba. Ni na sha ji, in Dado ta dawo daga rijiya yana tarbarta da shi, amma kunnena ba ya riƙe kiɗa.

Wannan ba sai an je cigiya ba, ga magajiya zaune gabansa. Sai Manzo ya shiga kame-kame: yau tsirkiya ta saki, gobe kansa ke ciwo. Na gane ba mantuwa ba ce. Muddin bai kaɗa ba, taken na Dado ne, kuma shi kaɗai ya rage masa nata. Tausayinsa ya kama ni, na ja bakina na yi shiru, abin da ban saba ba.

Radiya ma ta gane. Ta ce ya bar shi kawai, za ta bar gurbin lambar babu komai. Hutu ya ƙare, ta ɗaure kayanta tana jiran motar ranar kasuwa.

Da safen ranar kasuwar na miƙa masa koko, kwanon ya suɓuce daga hannunsa. Ya daɗe yana duban yatsunsa, sannan ya ce in kira ta, ta kwance piyanon.

Ya ɗauki gurmi, yatsu suka ƙi. Ya gwada, ya sake gwadawa, sai ya ajiye ya dinga yi da baki, ita tana lalube a piyano. Inda ta kauce ya girgiza kai, ta koma. Mota ta zo ta wuce, ba wanda ya ɗaga kai. Da ya zauna mata, ta kaɗa shi daga farko har ƙarshe. Ashe kiɗan nan yana nan a raina, don kuka na fashe da shi kamar yarinya.

Ta ɗauki wayar.

"Baba, in sa taken Dado?"

Ya girgiza kai.

"Dado ba ta da take kuma, ɗiyata. Sa sunanki."