Raba da Uku da Ɗigo Shida

Sharaɗi ɗaya babbar nas ta kafa kafin a sallami Baba: na'urar da ke ba shi iskar numfashi kada ta tsaya, ko da an ɗauke wuta yini da kwana. Huhunsa ya gaji. Likita ya riga ya ja Auta, ƙaramar 'yarsa, bakin ƙofa ya faɗa mata cewa abin da ya rage sai lallaɓawa. Shi kuwa Baba babu abin da yake roƙo sai gida. Ya ce silin ɗin asibiti ya ishe shi kallo, yana son tagarsa da ke fuskantar titi, da gadon da mahaifiyarsu ta rasu a kai.

Nas ta yi wa Auta bayani dalla-dalla. Na'urar tana shan yunit takwas da rabi a yini da kwana, irin yunit ɗin da mitar gida take ƙirgawa, wato kilowat-awa. A unguwarsu kuwa wuta kan tafi da safe ba ta dawo ba sai gobe. Dole a sami batirin da zai riƙe.

Yaya, babban wanta, direban tirela ne, kullum yana kan hanya. Shi ya samo batirin a wani kanti da aka rufe, ya aiko da shi a bayan motar abokinsa. Akwati ne toka-toka mai nauyin tsiya, sai da maza uku suka shigo da shi. Yaya ya buga waya yana cika baki, wai an rubuta sha takwas a jikinsa, takwas da rabi kuwa sau biyu ma ba ta kai ba, in Auta ta ga dama ta jona har da keken ɗinkinta da dutsen guga. Ta ce to, Allah ya saka. Ta ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin akwatin ta kai wa Baba.

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Leɓensa ya motsa kaɗan. Sannan ya miƙo mata ya ce madalla, Yaya ya yi abin kai. Aka sa ranar sallama.

Ana gobe za a sallame shi, Auta ta share ɗakinsa na gida, ta canja zanin gado, ta durƙusa tana goge ƙurar akwatin. A nan idonta ya sauka kan ƙananan haruffa biyu, MJ, da ke gefen sha takwas ɗin. Ta san su. Baba ya yi rayuwarsa yana kula da tukunyar tururi a wani babban gidan wanki, inda ake auna gas da megajul, har abokan aikinsa suka laƙaba masa Mai Tururi. Tana ƙarama takan zauna kusa da shi yana gwada abin da murhun gas ya ci da abin da mita ta ci, yana maimaita magana ɗaya kamar mai bitar karatu: megajul ba yunit ba ne, raba da uku da ɗigo shida. Mahaifiyarsu takan ce ko a mafarki rabawa yake yi.

Auta ba ta yi nisa a boko ba, amma tela ce, lissafi ba ya ba ta tsoro. Ta ɗauki allin da take zana yadi da shi, ta raba a kan siminti. Biyar. Ta goge da tafin hannu ta sake. Biyar ɗin dai.

Ta zauna a ƙasa, tsumman yana hannunta. Ba kuskuren Yaya ne ya fi taɓa ta ba. Motsin leɓen nan na Baba ne.

Ta sami Baba a asibiti a jingine da matashi, bututun iska a hancinsa, ya sa an ninke masa kayansa tun da wuri an ɗora a kan kujera, hularsa a sama. Ya tambaye ta ko ta buɗe tagar ɗakin ya sha iska. Ta ce ta buɗe. Ta ja kujerar roba ta zauna dab da shi don kada na gadon gefe ya ji.

"Baba, sha takwas a raba da uku da ɗigo shida, nawa ne?"

Bai kalle ta ba. Ya gyara bututun da yatsa.

"Ashe kina ji. Ni na ɗauka gyangyaɗi kike yi a lokacin."

"Awa nawa zai riƙe?"

Ya ce a takarda sha huɗu. A aikace kuwa, in an cire abin da zai tafi a zafi, sai a ce sha biyu. Ya faɗi haka da muryar da yake ba sabon ma'aikaci umarni, babu rawa a cikinta. Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ranar. Ya ce in ya faɗa, nas za ta mayar da kayansa cikin lokar gefen gado, kuma shi ya san ba shi da kwanakin da zai jira a nemo wani akwatin.

"Sha biyu a ɗakina ta fi min wata a nan, Auta."

Ta sunkuyar da kai. Ta so ta bar shi a haka. Babu wanda zai duba ƙananan haruffan, Yaya ma ba zai taɓa sani ba. Amma ta hango kanta a ɗakin, wuta ba ta dawo ba, na'urar ta yi shiru, shi yana kallonta.

"Kai ka yi lissafinka, Baba. Ni ba ka sa ni a ciki ba. In ta tsaya, ni ce a zaune."

Ya juya fuskarsa ga bango.

Ta je ta sami nas a teburinta, ta faɗa mata komai, ban da cewa Baba ya sani. Nas ta danna lissafin a wayarta, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce gobe babu sallama. Sai dai akwai hanya: asibiti kan ba da aron babbar silindar iska wadda ba ruwanta da wuta, ita za ta cike ragowar awannin. Duk suna hannun mutane, sai an dawo da ɗaya. Yaushe? Ta ce ba ta da ta cewa. Auta ta gane abin da dawowar silinda take nufi a wani gidan, ba ta ƙara tambaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya Baba bai yi mata magana ba sai amsa gaisuwa. Kayansa suna nan kan kujera, ya hana a taɓa. Kullum tana ganin wuyansa yana ƙara sirancewa a cikin riga. Yaya ya bugo yana faɗa, wai ta cika tsirfa, harafi biyu ne za su hana tsoho gidansa? Ta bar shi ya gama. Idan ta fito harabar asibiti takan tsaya jikin ginshiƙi ta tambayi kanta ko ta saya masa lafiyar da ba za ta zo ba da 'yan kwanakin da suka rage masa. 

Wata safiya nas ta leƙo ta ce an dawo da silinda ɗaya.

Suka shigo da Baba gida a kujerar guragu. Ya ga firji a buɗe babu komai a ciki, fanka a tsaye, keken ɗinki an rufe shi da zani an naɗe wayarsa. Waya ɗaya ce tak ta fito daga akwatin, ta bi gefen bango zuwa na'urarsa. Silindar tana tsaye a gefen gadon kamar dogari. Ya bi wayar da ido daga farko har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

Da hantsi aka ɗauke wuta. Akwatin ya yi ɗan ƙara ya karɓa, na'urar ba ta ko yi tuntuɓe ba. Ta taga ana jin mai faci yana dukan taya, da wata mata tana ciniki da mai kayan miya. Baba ya saurara, idonsa a lumshe.

Can bayan azahar ya ce, "Saura nawa?"

Ta duba ɗan gilashin akwatin. "Uku da rabi."

"Na me?"

"Yunit, Baba."

"Yawwa. Kullum ki riƙa faɗin na me."

Ya miƙo hannu bisa zanin gado, ta sa nata a ciki. Da ɗayan hannun tana riƙe da makullin buɗe silinda. Ba a jima ba barci ya ɗauke shi, fuskarsa tana wajen taga.